Mujiya a Banɗakin Baƙi

Ana gobe za a sake rufe gari saboda annoba, maigidana ya dawo daga gona rungume da kwalin taliya, yana tafiya a hankali kamar wanda ya ɗauko jariri. Na tashi da murna, don tun safe nake yi masa naci ya tsaya a hanya ya sayo mana kayan abinci kafin a tare tituna. Na miƙa hannu zan karɓa, ya janye.

"Tsaya tukuna, Hajiya. Promise me ba za ki yi ihu ba."

Duk matar da aka ce wa haka ta san ba alheri ne a cikin kwali ba. Ya ɗaga murfin kaɗan, na leƙa. Wani dunƙulen farin gashi ne a takure a kusurwa, da fuska fara fat mai faɗi kamar faifai, da idanu biyu baƙaƙe wuluk. Ya karkata kai ya dube ni, ya buɗe baki ya yi wani dogon huci. Ban yi ihu ba, amma sai da na tsinci kaina a kicin ina salati, takalmina ɗaya yana falo.

A Setapak muke zaune a lokacin, wata unguwa a babban birnin ƙasar da ya je karatu, a wani dogon bene mai araha da ɗalibai suka cika, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda. Shi yana karatun digirin ƙarshe, ni na biyo shi zaman aure. Dakta nake kiransa tun bai zama ba, rabi tsokana rabi addu'a. A gida idan an tambaye ni me yake karanta, cewa nake yi noman shinkafa, kuma ban yi ƙarya ba. Abin da ba na ƙarasawa shi ne, aikin nasa a kan mujiya yake. Wace 'ya ce za ta gaya wa danginta cewa gwamnati ta ɗauki mijinta ta kai shi bangon duniya don ya riƙa leƙa ramin mujiya?

Gonakin suna can wajen gari ta ɓangaren teku, kuma rigimarsu na haddace ta tas saboda kullum ita ce hirarmu a kan abinci. Wasu manoman sun yarda an kafa musu akwatunan katako a kan dogayen sanduna a tsakiyar shinkafa, mujiya ta shiga ta yi ƙwai, ta riƙa cinye musu ɓeraye kyauta. Wasu ba su da haƙurin jiran tsuntsu, sai su zuba guba. Ɓera ya ci ya fito yana tangaɗi, mujiya ta same shi a ɓagas, ta haɗiye, ta bi shi. Ga kuma maharba 'yan birni masu lasisi da manyan motoci, da suke zuwa ƙarshen mako harbin kajin ruwa da aladun daji. Manomi yana son su saboda alade yana yi masa ɓarna, yana jin haushinsu saboda suna tattake masa shuka. Dakta shi ne a tsakiya da allon rubutunsa, yana roƙon wannan ya rage guba, yana roƙon wancan ya duba kafin ya saki harsashi, kowa yana ce masa boleh, boleh, wato to, za a yi, yana juya baya a ci gaba da abin da aka saba.

A wannan makon ya tarar da uban wannan 'yar mujiya a mace a gindin sandar akwatinsu, jini ya bushe a bakinsa. Uwar kuma maharba ne suka kashe ta, da suka yi rububin fita ta ƙarshe kafin a kulle su a gida. Wani ya ga farin abu ya gifta da magariba ya sakar masa harsashi. A cikin akwatin 'ya ɗaya ce ta rage da rai. Jami'a a rufe, masu kula da namun daji sun ce ba su da halin zuwa, ya riƙe ta tukuna da izininsu.

"Two weeks kawai lah," in ji shi, da irin lafazin 'yan ƙasar. "Da an buɗe hanya za su zo su ɗauke ta."

Na ce, "Dakta, ka san 'yar waye ka aura kuwa?"

Ya sani. Babana manomi ne kuma maharbi, da tsohuwar bindigarsa ƙirar maƙera. Fakara da zabin daji da hasbiya da su muka girma a miya. Shaho ko shirwa da ta ɗauki ɗan tsakon innarmu kuwa, Baba ba ya hutawa sai ya kayar da ita, ya rataye ta a kan kara a bakin gona don 'yan'uwanta su gani. Mujiya ce kaɗai ba ya ɓata wa albarushi. Idan ta sauka a kan ɗaki, bakin wuta ake zarowa daga murhu a jefe ta, a watsa gishiri a garwashi, a tashi kowa ya yi addu'a. A garinmu ana cewa ba ta sauka a gida a banza, sai ta ƙirga mutanen gidan ta ga akwai wanda zai ragu. Na yi makaranta, na san malamai sun ce camfi ne, shi ma Dakta ya karanto min abin da addini ya ce har na gaji. Na yarda da bakina. Bayana ne bai yarda ba, don duk lokacin da na wuce ƙofar banɗakin baƙi inda ya ajiye ta, sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Garin ma ya taya ta. Titin da ke ƙarƙashinmu, wanda ba ya rabo da babura da motocin haya, ya koma fayau. Jirgin ƙasa yana wucewa a kan gadarsa da fitilu a kunne ba kowa a ciki. In ka ji ƙara to jiniyar motar asibiti ce. A benen da ke fuskantarmu mutane suka fara rataye farin ƙyalle a taga, alamar abinci ya ƙare musu, yau ɗaya, gobe uku. Sai kuma hankaki. Hankakan can ba su da farin ƙirji irin namu, baƙaƙe ne har wuya. Da can hukuma takan turo masu bindiga su rage su, to annoba ta zaunar da masu bindigar, hankaki suka samu gari. Ban san yadda aka yi suka gane abin da muke ɓoyewa ba. Da hantsi sai su jeru a kan ƙarfen barandarmu da kan bututun da ke kusa da tagar banɗakin, ba kuka, ba faɗa, sun zuba wa tagar ido kawai. Baƙin jinin mujiya da nake ji a karin magana, a ƙasar wasu na gan shi da idona.

Sati biyun Dakta ya zama wata. Ɓerayen da yake saya daga masu sayar da abincin dabbobi suna cikin firjina a daskare, a jere kusa da kifina da attaruguna. Na yi rantsuwa, na yi yajin girki na yini guda, na ce ko ni ko ita. Ya ce ai ita ba ta iya tuwo ba, don haka ni ya zaɓa.

Wata ranar da yamma yana wanka, hucin nan ya ishe ni, na kunna gas na ɗebo gishiri cike da tafin hannu na watsa a kan wutar. Ta yi tartsatsi ta koma rawaya, ramukan murhun suka toshe, kicin ya cika da ƙauri. Ya fito da tawul a wuya ya tsaya yana kallona. Da ya gane abin da nake yi, dariya ta kama shi har ya dafa bango.

"Hajiya, saura bakin wuta. Ko in miƙo miki lighter ki jefe ta?"

Yana cikin dariyar tari ya sarƙe shi. Na ce ƙaurin gishiri ne, na ba shi ruwa. Tarin bai tsaya ba ranar, bai tsaya ba washegari, jibi kuma ya ce ba ya jin ƙamshin miyata.

Shi gwaji ya nuna yana da cutar, ni ba ni da ita. Ma'aikatan lafiya suka ɗaura min wani abin hannu ruwan hoda, alamar killacewa, suka ce kada in taka ko bakin lif sai sun cire min. Kafin motar ta zo ɗaukarsa ya tsaya daga ƙofar ɗaki, ni ina can ƙarshen falo, ya yi min bayani ta cikin takunkumi. A jiƙa ɓera a ruwan ɗumi sai ya saki. A yanka da almakashi, har gashi har ƙashi, a miƙa mata da hantsaki, da magariba da kuma bayan asuba. Kada in kuskura in ba ta ɓeran bene, don masu gidan suna zuba guba a wajen shara.

"Kuma please, kada ta ga fuskarki, kada ki yi mata magana. In ta saba da mutum, ranar da aka sake ta ba za ta guji mai bindiga ba."

Na ce, "Kai ana shirin tafiya da kai asibiti, wasiyyar tsuntsu kake bar min?"

Ya ce, "Ke ai kin iya kula da kanki. Ita ce ba ta iya ba."

Haka na zama mai yi wa mujiya hidima. Nakan zura dogon hijabi, in sa takunkumi, in ja mayafi har kan girata, in shiga da bismilla. Tana tsaye a kan sandar da ya gitta mata, farin gashin ya fara zubewa, fuka-fukai masu ruwan ƙasa suna fitowa. Sai ta yi ta kaɗa kai hagu da dama tana auna ni. Ta fizgi naman ta haɗiye, ta runtse ido. Da safe in tarar ta amayo ɗan curin gashi da ƙasusuwa a ƙasa, in share. Dakta yana kira daga inda aka killace su, tambayarsa ta farko ita ce, "Ta yi makan?" wato ta ci abinci. Ya ce na zama hankaka mai da ɗan wani naka. Na ce ya bari ya dawo, zai ga hankaka.

Baba yakan kira ni kafin azahar ɗinsu, wanda ya yi daidai da magaribarmu, lokacin da yunwa take sa ta huci. Kullum a baranda nake amsawa in ja ƙofa. Ranar da aka mayar da Dakta babban asibiti aka sa masa iskar numfashi, hankalina ba ya jikina, na amsa a falo.

Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake ce min. Yana cikin yi min nasiha a kan haƙuri sai ya katse maganar.

"Uwata, mene ne wannan a bayanki?"

Na ce fanka ce.

"Ni za ki gaya wa fanka? Shekaruna nawa ina kwana a daji?"

Na fashe da kuka na gaya masa komai, tun daga kwalin taliya. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. A hankali ya yi magana, irin muryar da yake yi idan ya hango nama.

"Yanzu wata guda tana kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya da ku, kuma kina mamakin abin da ya sami mijinki? Ban ce ki kashe ta ba. Ki fitar da ita daga gidan. Gobe, kafin rana ta yi tsaka. Karatu daban, abin da muka gani da idonmu daban. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Tunda nake ban taɓa tsallake maganar Baba ba.

Washegari da hantsi wata ma'aikaciyar jinya ta kira ni ta bidiyo ta kara wa Dakta wayar. Fuskarsa tana cikin wata roba, idanunsa sun faɗa. Bai iya magana ba, ya ɗaga min yatsa kawai. Amma na ji numfashinsa. Ja yake yi mai tsawo, da kyar, da wani kaushi a ƙarshe, ya tsaya, ya sake ja. Ina riƙe da wayar a falo, sai na ji irinsa sak yana fitowa daga bayan ƙofar banɗakin baƙi. Na nesanta wayar da ni don in tabbatar. Ɗaya a hannuna, ɗaya a bayan ƙofa, wannan ya ja, wancan ya amsa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan safiya ba.

Ana kashe wayar na tashi. Ko takunkumi ban tsaya sawa ba. Na jefa mata tawul na dunƙule ta, na tura ƙofar baranda na ajiye ta a ƙasa, na koma ciki na ja gilas. Na san sarai ba ta iya tashi ba tukuna. Na gaya wa kaina cewa ni dai fitarwa aka ce in yi, kuma na fitar.

Hankakan da ke kan ƙarfe suka zuba mata ido. Sai ɗaya ya yi kuka, sai ga su ta ko'ina, daga kan rufin kedai, wato shagunan da ke ƙasa, daga wayoyin lantarki, daga bishiyoyin bakin titi, har barandar ta yi duhu. Ta ja da baya ta shige kusurwa, hasken rana ya dame ta. Na farko ya sauko ya fizgi gashin bayanta ya tashi. Na biyu ya nufi ido. Ta kwanta rigingine ta ɗaga farata sama, ta buɗe baki, kuma ta cikin gilas, ta cikin duk wannan hayaniya, na ji wannan jan numfashin.

Ban san lokacin da na ɗauko sandar goge ƙasa ba. Na dai ga kaina a waje ba ɗankwali, ina kai duka ta ko'ina, ina irin ihun da innarmu take yi idan shirwa ta kawo wa kajinta farmaki. Fuka-fukai suna marina a fuska. Na zage su da Hausa, na zagi iyayensu. A benen da ke fuskantarmu mutane sun fito tagoginsu da takunkumi, a saman fararen ƙyallayensu, suna kallon baƙar mace tana dambe da tsuntsaye. Na sunkuya na ɗauke ta da hannu tsirara, ta kafa min farata a tsintsiyar hannu dab da abin ruwan hodar nan, jini ya biyo gwiwar hannuna. Ban sake ta ba sai da na dire ta a kan sandarta. Muka tsaya muna kallon juna, ni da ita, duk muna haki.

Da magariba Baba ya kira.

"Kin fitar?"

"Na fitar, Baba. Na kuma dawo da ita. Ban iya ba."

Na ji kukan akuya a bayansa, da muryar wata mai tallan fura tana wucewa.

"To, Uwata. Allah Ya kyauta."

Dakta ya rasu ranar wata Laraba, bayan la'asar. Ma'aikaciyar jinyar nan ce ta kira, tana ta cewa sorry, sorry, kak, wato yaya a yarensu. Ban gan shi ba, ban taɓa shi ba. Wani abokin karatunsa ya samu izinin tsayawa daga nesa a maƙabarta ya riƙe min waya, na ga mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa suna sauke shi a jar ƙasar da ba tamu ba. Matan 'yan'uwanmu ɗalibai suna kawo abinci su rataye a hannun ƙofa, su ƙwanƙwasa su gudu, mu yi kuka ta waya. Da magaribar ranar na jiƙa ɓera a ruwan ɗumi, don ba wanda zai yi in ban yi ba.

Na san ajali ne. Na sani a lokacin, na sani yanzu, kuma in wata ta zo min da irin wannan labari zan gaya mata kwanansa ne ya ƙare, ko da mujiya ko babu. Baba ma abin da ya ce ke nan da ya kira yi min gaisuwa. Har yau bai taɓa ce min "na faɗa miki" ba, ko da wasa. Ni ce nake faɗa wa kaina a madadinsa, wani lokacin ina tsakiyar wanke-wanke, sai in yi istigfari in ci gaba.

Na yi takaba a wannan gida tare da ita. Ta gama zubar da farin gashin, ta zama cikakkiyar mujiya, tana tashi daga sanda zuwa kan tanki, tana dira a kan abincinta da ƙafa biyu. Na daina rufe ƙofar ɗakina. Ba zan ɓoye ba, da wannan numfashin nake samun barci.

Da aka sassauta hanyoyi, ma'aikata biyu suka zo da akwati mai ramuka. Babban cikinsu dattijo ne mai sanyin magana. Ya duba fuka-fukanta da ƙirjinta, ya ce an kula da ita sosai, za su gwada ta da ɓera mai rai, in ta kama su mayar da ita gonakin da aka ɗauko ta. Na gaya masa ta ga fuskata sau ɗaya, na tambaye shi ko hakan zai cuce ta. Ya ce yana fatan a'a. Na tambaye shi ko maharban sun koma. Ya gyara takunkuminsa ya ce ai hanyar da aka buɗe wa ma'aikata irinsu ita aka buɗe wa kowa.

Na ce ko za su bar min ita zuwa gobe. Ya dubi abokin aikinsa, ya dubi hijabina, ya ce da taushi, yana kirana da kalmarsu ta girmama mace, "Cannot, puan. Sorry."

Na raka su har bakin lif. Na dawo na wanke banɗakin da omo, na kwance sandar, na kwashe sauran ɓerayen daga firji na ɗaure a leda. Aka kira magariba daga masallacin unguwa. Na yi salla, na zauna a kan dardumar ina saurare, na daɗe ina saurare, kafin na gane babu sauran mai numfashi a gidan sai ni.